Yadda Ake Kare Yaro Daga Masu Fataucin Yara Idan An Zo Neman Riƙonsa

A watan Oktoba na shekarar 2019 rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sanar da ceto yara tara waɗanda aka sace daga unguwanni irin su Sauna, Kawo, Yankaba da Dakata, aka kai su Onitsha ta Jihar Anambra aka sayar. An canza musu suna, an canza musu addini, wasunsu ma Hausa ta ɓace musu a baki. A shekarar 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa Paul Owne, ɗaya daga cikin waɗanda aka kama da satar yaran, wanda ya amsa laifinsa, hukuncin ɗaurin shekara 104. Tun daga wannan lokaci, da zarar an ambaci fataucin yara, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne baƙon da ke laɓe a lungu yana jiran yaro ya fito sayen alawa. Irin wannan ɓarawon yana nan, kuma zan zo kansa. Sai dai a iya abin da na gani a garuruwanmu, yawancin yaran da ake cutarwa da sallama aka shiga gidajensu, aka shimfiɗa wa baƙo tabarma, aka kawo masa ruwa, sannan iyaye suka miƙa ɗansu da hannunsu ga wanda suka sani ko suke jin nauyinsa. Saboda haka wannan bayani ya fi karkata ga abin da uba da uwa za su yi tun daga ranar da aka zo neman yaronsu da sunan riƙo, aikatau, karatu ko koyon sana'a.

Mataki na farko: ku san abin da doka ta haramta

Riƙo tsohuwar al'ada ce mai kyau, kuma da yawanmu a hannun gwaggo ko kawu muka tashi. Abin da ke mayar da shi fatauci shi ne a ɗauki yaro daga gidansu domin a ci moriyar guminsa ko jikinsa: a saka shi aikin da ya fi ƙarfinsa, ko bara, ko talla ba dare ba rana, ko lalata, wani kuma yana karɓar kuɗin. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, tana aiki yanzu da dokar da aka sabunta a 2015. Wannan doka ta ce duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya nemo shi, ko ya yi jigilarsa, ko ya ba da shi haya, zai fuskanci ɗaurin da bai gaza wata shida ba, wanda kuma zai iya kaiwa shekara bakwai. Saye ko sayar da mutum kuwa hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara biyar ba, tare da tarar da ba ta gaza naira miliyan biyu ba. Ga doka, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, kuma cewa yarinya ita ta nace za ta tafi ba ya wanke wanda ya ɗauke ta domin ci da guminta. A Jamhuriyar Nijar ma tun 2010 akwai dokar da ta haramta fataucin mutane. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan 'yarku ba ta kai shekara 12 ba, maganar aikatau ta mutu tun daga nan, ko da mai neman 'yar ɗakinku ce.

Mataki na biyu: kada a ba da amsa a ranar da aka zo

Nan ne mafi yawan iyaye suke yin tuntuɓe, kuma kunya ce ke kayar da su. Dillaliyar 'yan aiki ta san lokacin da take zuwa ƙauye. Tana zuwa ne sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ko an kusa sallah, ko ta ji ana shirin aurar da yayar yarinyar kuma babu kayan ɗaki. Takan zo da ɗan sabulu da turmin atamfa, ta ce aikin ba wani aiki ba ne, ɗan wanke-wanke ne da shara da raino, gidan masu hali ne, har boko da islamiyya za su saka ta. Sannan ta ƙara da cewa motar gobe da asuba za ta bi, akwai kuma wasu yaran da ke jira idan ku ba ku so. Wannan gaggawar ita ce abu na farko da ya kamata ya tsayar muku da hankali, domin mai neman yaro don alheri ba ya rasa haƙurin mako biyu.

Amsar da ta dace gajeriya ce, ba ta kuma zubar da mutuncin kowa: “Hajiya, mun gode da wannan tunani, amma sai mun yi shawara da baffanninta.” Idan uwa ce kaɗai a gida, kada ta yanke magana ba da sanin uban ba, ko waliyyin yarinyar idan uban ya rasu. Haka shi ma uba kada ya yi alkawari a majalisa ko a kasuwa sannan ya zo gida yana sanar da uwa kamar labari.

Kafin baƙon ya tashi, a yi masa tambayoyi a gaban mutum biyu aƙalla, ɗaya daga cikinsu yana rubutawa. Wane gari za a kai yaron, wace unguwa, wane layi, gida mai lamba nawa? Mene ne cikakken sunan maigidan da na uwargidan, kuma mene ne aikinsu? Mutum nawa ne a gidan, akwai samari manya, a wane ɗaki yarinyar za ta kwana kuma da wa? Wace makaranta za a saka ta, wa zai biya kuɗin? Nawa ne albashin, hannun wa zai shiga, nawa ne la'adar mai kawowa? Yaushe za ta riƙa zuwa ganin gida? Tambayar la'ada tana da nauyi a baki, amma ita ce ta fi tona asiri, domin wasu dillalan da gangan suke cire yarinya daga gida bayan 'yan watanni su kai ta wani gidan don su sake karɓar sabuwar la'ada, har a wayi gari ita kanta dillaliyar ba ta iya faɗin inda yarinyar take. Duk wanda ya ɓata rai don an yi masa waɗannan tambayoyi, ko ya ce “ashe ba ku yarda da ni ba”, to ya ba ku amsar da kuke nema.

Mataki na uku: a je a gani da ido

Adireshin da aka faɗa da baki bai zama adireshi ba sai wani naku ya taka ƙafa ya je. A tashi wa, ko ƙane, ko wani ɗan garinku da ke zaune a can, ya je gidan ba tare da dillaliya ta raka shi ba, ya gaisa da maigidan, ya ga makwancin da aka ce na yarinyar ne, ya tambayi maƙwabta ko gidan suna yawan canza 'yan aiki. Ya kuma gano mai unguwar wurin da limamin masallacin layin ya gabatar da kansa. Kuɗin motar wannan tafiya ya fi kuɗin cigiya sauƙi nesa ba kusa ba.

Na san wata maƙwabciyarmu da ta ba da 'yarta mai shekara goma sha uku a kan cewa Kano za a kai ta gidan wata ma'aikaciyar asibiti. Wata bakwai ana kawo mata kuɗi a ƙulle a leda, tana tarawa tana sayen kwanuka da kuloli tana turawa ƙarƙashin gado. Ranar da kakar yarinyar ta rasu aka nemi ta zo ta'aziyya, sai dillaliya ta fara kame-kame. Da ƙyar aka gano yarinyar a wani gari daban, a gida na uku, tana kwana a ɗakin ajiya tsakanin buhunan gawayi, hannayenta duk sun tsattsage saboda wanki. Abin da uwar ta riƙa maimaitawa tana kuka shi ne, ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar sunan unguwar ba.

Mataki na huɗu: shaidu, rubutu da takardun yaro

Idan bincike ya yi kyau, shekarun yaron sun kai, kuma kun yanke shawarar ba da shi, a yi maganar a gaban mai unguwa ko dagaci. A rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da lambar katinsa na ɗan ƙasa, da adireshin gidan, da sharuɗɗan da aka yi game da makaranta da ziyara da albashi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Sharaɗi ɗaya kada a yarda a bar shi: ba za a mayar da yaron wani gida ko wani gari ba sai da izinin iyayensa. A ɗauki hoton mai karɓar tare da yaron da waya, a ajiye kofi ɗaya na takardar a wurin mai unguwa. Albashi kuma, in akwai, ya riƙa zuwa kai tsaye daga masu gidan zuwa ga iyaye, ta asusun banki ko ta mai POS na garinku, domin muddin kuɗi ta hannun dillali suke bi, to shi ke riƙe da yaron.

Tun kafin wannan rana ma, kowane yaro yana bukatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ake samu a asibitoci da sakatariyar ƙananan hukumomi, da kuma lambar NIN. Waɗannan takardu a gida suke zama, hotonsu kawai ake ba mai riƙo. Wanda ya tuna yadda aka canza wa yaran Kano suna zai gane amfanin takardar da ke ɗauke da sunan yanka da sunan uba da ranar haihuwa. Haka nan a riƙa ɗaukar yaro sabon hoto duk shekara, a kuma san tabon da ke jikinsa, ko shasshawa, ko wushirya, ko wata tawadar Allah, domin fuskar yaro tana canzawa cikin shekara biyu, tabo kuwa yana nan.

Mataki na biyar: a shirya yaron kansa

A koya masa ya haddace cikakken sunansa, sunan ubansa da na kakansa, sunan garinsu da ƙaramar hukumarsu, da lambar waya biyu, kamar yadda yake haddace sura. Yaron da ya iya riƙe Tabbat yada zai iya riƙe lamba goma sha ɗaya. A gaya masa a fili cewa idan aka dake shi duka mai rauni, ko aka hana shi abinci, ko aka ce za a kai shi wani wuri, ya nemi hanyar kiran gida, kuma ba za a yi masa faɗa don ya dawo ba. 'Ya mace kuma uwa ta zaunar da ita ta gaya mata, ba tare da kwana-kwana ba, cewa babu namijin da ke da ikon taɓa jikinta ko kiranta ɗaki ita kaɗai, ko maigidan ne ko ɗansa ko direba, kuma duk wanda ya ce mata “kada ki faɗa wa kowa” to shi ne farkon wanda za ta faɗa. Mun saba yi wa yaro nasiha da haƙuri da biyayya kaɗai idan zai bar gida, kuma da wannan haƙurin ne mugu yake rufe masa baki.

Ranar tafiya, wani babba daga gida ya raka yaron har ƙofar gidan da za shi. In hakan ya gagara sam, a shiga mota a cikin tasha, a rubuta lambar motar da ta direban a gaban 'yan kamasho, a kuma tabbatar an ji muryar yaron a waya daren da ya sauka.

Mataki na shida: kada zumunci ya yanke

A tsayar da rana guda a mako, misali Juma'a bayan la'asar, wadda za a riƙa magana da yaron kansa. Saƙon “tana gaishe ku” daga bakin dillaliya ba ya cikin lissafi. A yi masa tambayoyin da eh ko a'a ba za su amsa ba: me ka ci jiya da dare, wa ke koyar da ku a aji, ƙarfe nawa kike kwanciya, wa ya yi miki kitso? Idan kullum aka kira sai a ce ya fita aike ko yana barci, idan muryarsa ta nuna akwai mai tsaye a kansa, idan lambar ta daina shiga, idan sallah ta zo ta wuce ba a kawo shi ba, ko aka fara cewa sai an biya kuɗin abinci da na motar da aka kashe masa kafin a sake shi, kada a tsaya sauraron uzuri na uku. A tashi a je. Ko da komai lafiya, a riƙa kai ziyarar ba-zata aƙalla sau biyu a shekara, a keɓe da yaron a waje, a duba bayansa da tafin hannunsa da idonsa.

Wannan duka ya shafi almajiri kamar yadda ya shafi 'yar aiki. Uban da zai kai ɗansa karatun allo ya kai shi da kansa, ya ga tsangayar da makwancin yara, ya san yawan almajiran da ke gaban malamin, ya tambaya cikin ladabi: “Allah gafarta Malam, yaya maganar cinsu da maganinsu, kuma ina ake tafiya da su ci-rani?” Ya riƙa aika hatsi da sabulu da ɗan kuɗi, ya riƙa zuwa. Malamai nagari suna murna da uban da ke leƙowa. Wanda ke bi ƙauye-ƙauye yana tara yara a mota alhali ba a san tsangayarsa ba, ko yake ɗora wa yara kuɗin da dole su kawo masa kullum, ba a ba shi yaro ko da wane suna ya zo.

Idan tafiyar ta ƙetare iyaka ce

A nan shawarata ɗaya ce: kada a ba da yaro. Akwai masu zuwa neman yara, musamman masu naƙasa, da alkawarin kai su Saudiyya, su ce za su yi Umara su kuma riƙa aiko da riyal, alhali bara za a saka su a titi. Akwai masu kwasar mata da yara daga yankin Kance na Jihar Damagaram zuwa Aljeriya domin bara. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, kuma 52 daga cikinsu yara ne. Kada uba ya sa hannu a takardar amincewa a yi wa ɗansa fasfo domin tafiya da wani, kada kuma ya yarda a rubuta ɗansa a matsayin ɗan wani, domin daga ranar da aka yi haka, a idon jami'an kowace iyaka yaron ba nasa ba ne.

Ƙananan yara a unguwa

Masu satar yara sukan nemi ƙananan yara waɗanda ba su iya faɗin gidansu ba kuma suke saurin mantuwa. Kada a aiki irin waɗannan yara kanti su kaɗai, musamman tsakanin magariba da isha'i da lokacin da maza suka tafi masallacin Juma'a. A haɗa su rukuni zuwa islamiyya da babba a gaba, a kuma gaya wa makaranta sunayen waɗanda kaɗai za su iya ɗaukar yaro. Masu gidajen haya su san wanda suke ba wa ɗaki, su gabatar da shi ga mai unguwa. Matar da ta tare a layi ba a san danginta ba, ta kuma fi kowa jan yara da biskit da kallon waya, a sa mata ido ba tare da an ci zarafinta ba. A biki da suna da makoki, inda kowace uwa take zaton yaronta yana wurin wata, a ɗora wa mutum guda alhakin yara.

Mataki na bakwai: idan yaro ya ɓace ko an hana ku ganinsa

Kada a jira kwana ya zagayo, kuma kada a ɓata sa'o'in farko wurin masu duba. A raba aiki nan take. Mutum ɗaya ya tafi caji ofis mafi kusa da hoton yaron da bayanin kayan da ke jikinsa, ya tabbatar an rubuta rahoton, ya karɓi suna da lambar jami'in da aka ba aikin. Na biyu ya sanar da mai unguwa da 'yan sintiri da masallatai a yi cigiya a lasifika. Na uku ya zagaya tashoshin mota, musamman na masu dogon zango da ke tashi da yamma, ya nuna wa shugabannin tasha hoton. A kira NAPTIP a lamba 627, ko lambar gaggawa ta ƙasa 112. Hukumar tana da ofisoshin shiyya a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma a jihohin da ke da Hisbah ita ma tana karɓar irin wannan ƙorafi. Daga nan a kai cigiya gidajen rediyo, a kuma saka hoton a Facebook da WhatsApp da lambar waya guda ɗaya tak. A yi hattara da masu kira su ce sun ga yaron amma sai an tura musu kuɗin mota. Duk irin wannan kira a miƙa lambar ga 'yan sanda.

Idan ta hannun dillali ne yaron ya salwanta, kada a fara yi masa barazana ta waya, domin zai kashe layin ya gudu. A kai takardar da aka rubuta da hotonsa ga hukuma, su san yadda za su kamo shi. Wasu iyayen suna ƙin kai ƙara don tsoron a ce su ma da laifinsu, ko don dillaliyar 'yar uwa ce ana gudun ɓacin zumunci. Gara a faɗa wa jami'ai gaskiyar yadda aka yi tun farko, domin kowane kwana da aka ƙara ana rufa-rufa, nisa yaron yake ƙarawa. Idan kuma jama'a suka kama wanda ake zargi, a hana a dake shi, a miƙa shi da ransa da lafiyarsa. Sau da yawa shi kaɗai ya san inda sauran yaran suke, kuma an sha kashe marasa laifi a kan zargi.

Idan Allah ya sa an same shi

A fara kai shi asibiti kafin gida ya cika da 'yan barka, ko da babu rauni a fili, a kuma adana takardar likita saboda shari'a. Idan an yi wa yarinya fyaɗe kwanan nan, akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake fara sha cikin sa'o'i 72, don haka ba a jinkirta zuwa. Kada a tsare yaro da tambayoyi a gaban jama'a, kada a yaɗa hotonsa da labarin abin da aka yi masa, kada kuma a bari wani ya goranta masa. Zai iya yin fitsarin kwance, ko firgita cikin barci, ko ya ƙi magana na makonni. A bar shi kusa da wanda ya fi sakewa da shi, uwa ce ko kaka, a mayar da shi makaranta da zarar ya natsu. Za a zo muku da maganar sulhu, wataƙila da kuɗi a hannu da manyan gari a gaba. Ku saurare su da girmamawa, ku ce magana tana hannun hukuma, sannan ku halarci kowane zaman kotu da takardunku. Ku kuma ba jami'an NAPTIP sunayen sauran yaran garinku da suka tafi ta hannun mutumin nan, da sunayen iyayensu da shekarar da kowannensu ya tafi.